Tsaron Gari da Sha'anin Laifi a Tarihin Zariya

Zariya gari ne matsakaici idan aka auna shi da Kano ko Legas, domin ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, waɗanda su biyu ne suka haɗu suka zama garin, mutane kusan 700,000, amma tarihinsa ya isa ya nuna yadda alhakin tsaron jama'a ya riƙa sauya hannu a ƙasar Hausa cikin shekaru 200 da suka wuce. Dattawan birni sukan ce a da ɗan kasuwa yana iya lulluɓe kayansa da tabarma a rumfa ya tafi gida ya kwana, ya dawo da safe ya tarar da su yadda ya bar su, kuma akwai gaskiya a wannan magana, sai dai ba ta cika ba har sai an faɗi inda wannan aminci ya tsaya da kuma abin da aka biya kafin a same shi. Abin da tarihin garin ya fi nunawa shi ne cewa zaman lafiyar unguwa ya rataya ne a kan sanayya da ɗaukar alhaki, wato a ce kowane mutum akwai wanda ya san shi, kuma akwai wanda za a kira a tambaya idan ya yi ɓarna, kuma kusan duk wani sauyin mulki da aka yi tun daga 1902 ya ƙara nisanta mai ikon kamawa da hukuntawa daga mutumin da ya san unguwar.

Tsaron tsohuwar Zariya ya fara ne daga ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da tsawo wadda ta kewaye birnin, wadda zagayenta ya kai wajen kilomita 15, kuma al'ada ta danganta gina irinta a ƙasar Zazzau da Sarauniya Amina. Ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba, ta haɗa da gonaki da rijiyoyi da kududdufai da dutsen Madarkaci, domin an tsara ta ne yadda idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya, mutanen ciki da na ƙauyukan da suka gudo za su sami abinci da ruwa da wurin ɗaure dabbobi na tsawon lokaci. Shiga da fita kuwa sai ta ƙofofi, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Bai da Ƙofar Galadima da Ƙofar Jatau da Ƙofar Kibo, kuma kowace tana da sarkin ƙofa, wato ma'aikacin sarki da ke zaune kusa da ita, yana rufe ta da dare yana buɗe ta da asuba, yana lura da fatake da kayansu, yana kuma kai rahoton duk baƙon da bai yarda da shi ba zuwa fada. Amfanin wannan tsari ga hana sata a fili yake, domin wanda ya saci jaki ko akuya cikin dare ba shi da hanyar fitar da ita kafin gari ya waye, kuma kafin a buɗe ƙofa mai kaya ya riga ya kai cigiya.

Sai dai ganuwa ba ta kama ɓarawon da ke cikin gari, abin da ke kama shi shi ne tsarin zaman unguwa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Unguwannin birni, irin su Juma da Kona da Kwarbai da Ƙaura da Iya, zuriya ce da sana'a da makarantun malamai suka haɗa su, kowace kuma tana da mai unguwa wanda ya san gidajenta ɗaya bayan ɗaya, domin shi ke tara haraji, shi ake gaya wa haihuwa da rasuwa, shi kuma ake fara kai wa ƙara kafin a je gaban alƙali. Ginin gidan Bahaushe da kansa wani matakin tsaro ne, saboda hanyar shiga ɗaya ce, ta zaure, inda maigida da baƙinsa da almajiran da ke kwana a wurin suke ganin duk mai wucewa, kuma namiji baligi da ba muharrami ba ba ya ƙetare shigifa sai da izini. Baƙo kuwa ba ya kwana a gari haka kawai, dole ya sauka a hannun mai masauki, wato mutumin gari da ke ba fatake ɗaki da wurin ajiyar kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu a gaban hukuma. Idan baƙon ya ci amanar wani ko ya gudu da bashi, mai masaukinsa ake kira, saboda haka ba ya karɓar wanda bai san asalinsa ba ko wanda wani amintacce bai gabatar masa ba. A kasuwa ma haka abin yake, domin ciniki mai nauyi, kamar na doki ko sa ko babbar riga, ta hannun dillali yake bi, kuma la'adar da yake karɓa ladan shaida ce a kan cewa ya san mai sayarwa, kamar yadda Sarkin Pawa ke da alhakin sanin inda dabbar da mahauta za su yanka ta fito. Duk waɗannan matakai an yi su ne don a toshe hanyar ɓarawon zaune, wato mai sayen kayan sata yana sane, domin mutanen da sun fahimci cewa sata ba ta zama sana'a sai ta sami kasuwa.

Idan laifi ya wuce ƙarfin mai unguwa, sai ya shiga hannun fada. Dogarai, waɗanda aka sani da manyan riguna masu ja da kore da rawani, yawancinsu bayin sarki ne, kuma su ne ke tsaron jikinsa, su kai saƙonsa, su kamo wanda ake tuhuma, su tsare kasuwa, ƙarƙashin shugabansu Sarkin Dogarai. Yari ne ke riƙe da kurkuku, hauni kuma shi ke zartar da hukuncin kisa. A tsarin sarautar Zazzau na kafin jihadi, wanda dangin Sarki Makau suka tafi da shi Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, Galadima ne ake bar wa riƙon gari idan sarki ya fita yaƙi. Bayan da Malam Musa ya karɓi birnin a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matsayin alƙali ya ƙara ƙarfi, kuma shari'a ta tsaya a kan mazhabar Malikiyya da littattafanta irin su Risala da Muhtasar. Mutane da yawa suna zaton cewa yanke hannu shi ne hukuncin kowace sata a wancan zamani, alhali sharuɗɗan haddi, wato hukuncin da nassi ya ƙayyade, suna da tsanani: sai kayan sun kai nisabi, wato ƙimar da shari'a ta yanke, sai an ɗauke su daga ma'ajiyar da ta dace da su, sai kuma an sami shaidu biyu adalai ko mai laifi ya amsa da bakinsa bai janye ba. Saboda haka yawancin shari'o'in sata suna ƙarewa ne da biyan kaya da bulala ko ɗauri gwargwadon yadda alƙali ya gani, wanda shi ake kira ta'aziri. Abin da ya fi bulalar ciwo shi ne kunya, domin wanda aka zagaya da shi kasuwa da kayan sata a ka, yara suna binsa da ihu, ya rasa auren 'yar mutunci da amanar abokan ciniki, sau da yawa ma sai dai ya bar garin.

Wannan aminci iyakarsa ganuwa, kuma duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Zazzau na rabin ƙarshen ƙarni na 19 ba zai kira zamanin zamanin kwanciyar hankali ba. Babban laifin lokacin shi ne satar mutum, domin bawa kuɗi ne, kuma Zazzau tana bakin hanyar da ake bi da bayi daga kudu zuwa kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato; sarakunanta da kansu suna kai hari kan al'ummomin kudancin ƙasar, kuma raunin da wannan ya bari bai gama warkewa ba har yau. Mutanen ƙauyukan arewa su ma ba su tsira ba, domin Ningawa sun riƙa kawo farmaki daga gabas har kusa da birni, daga yamma kuma mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, suna kama mutane ba tare da tambayar addininsu ba. Baba ta Karo, wadda ta girma a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, kuma Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mata da yara daga danginta, da yadda maza suka bi sawunsu suka yi ta haɗa wuri har suka fanso su. Fatake ba sa tafiya sai cikin ayari, ƙarƙashin madugu, da masu baka da kibiya a gaba da baya, kuma ba sa yada zango sai a wurin da suka san sarkinsa. A ƙarshen ƙarnin kuma, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960, sarakuna Yero da Kwasau sun tara rundunar bayi masu bindiga wadda ta zama abin tsoro ga talakawan ƙasar kansu. Mai noma a bayan ganuwa a shekarun 1890 yana fita gona ne da makami a kusa, kuma yana komawa gida tun rana ba ta faɗi ba.

Matsin lambar Kwantagora na daga cikin abin da ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofar Zariya a 1902, kuma ba a daɗe ba, bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na wannan shekara, suka cire Sarki Kwasau suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Dole a faɗi gaskiya cewa hana harin bayi ya sauya rayuwar karkara ƙwarai, domin cikin 'yan shekaru mutane suka fara fita daga garuruwa masu ganuwa suna kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu, mata suka riƙa zuwa kasuwannin ƙauye ba rakiya, ƙofofin birni kuma aka daina rufe su har ƙyamarensu suka lalace. Turawa ba su rushe tsarin fada ba, sun mayar da shi hukumar En'e, wato mulkin gargajiya da ke aiki ƙarƙashin Razdan da Di'o. Sun hana yanke hannu, sun sa hukuncin kisa ya jira amincewar Gwamna, sun tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon birni, kuma bayan kafa baitulmali aka yanka wa alƙalai da dogarai albashi. A karkara an ci gaba da al'adar bin sawu, wadda a cikinta idan an saci shanu ake bin sawunsu daga gari zuwa gari, kuma dagacin da sawu ya shiga ƙasarsa bai fita ba shi ke da alhakin fito da ɓarawo ko bayanin inda dabbobin suka bi.

Abin da ya fi girgiza tsohon tsari shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas, aka ja wani reshe zuwa ma'adinan kuza na Jos, daga baya kuma wani ya tafi Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, sai Zariya ta zama mahaɗar jirage da cibiyar cinikin auduga. A arewacin birni, hayin kogin Kubanni, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka kuma kafa Tudun Wada domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan asalin birni ba. Gari ɗaya ya koma garuruwa da dama masu dokoki daban-daban: birni yana hannun sarki da alƙali da dogarai, bariki da Sabon Gari kuma sun daɗe a hannun jami'in Bature da 'yan sandan gwamnati kafin a mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e. Mutum yana iya sauka daga jirgi da yamma, ya kama ɗakin haya ba wanda ya tambaye shi sunan mahaifinsa, ya tashi da jirgin safe, kuma a wannan yanayi ne aka fara sanin ɗan sane, wato mai zare kuɗi daga aljihu a cunkoson tasha, da masu fasa kanti da masu buga jabun sulalla. Wanda ya yi laifi a birni yana iya ƙetare kogi ya fita daga hurumin dogarai, kuma kayan da aka sata a Zariya yau gobe suna kasuwar Kano.

Amsar da hukuma ta bayar ita ce kafa 'yan doka, wato 'yan sandan En'e masu kayan aiki iri ɗaya da horo da albashi, waɗanda suka fara maye gurbin dogarai a aikin kamu tun daga ƙarshen shekarun 1920, aka bar wa dogarai hidimar fada. A 1930 kuma aka haɗe 'yan sandan gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama rundunar Nijeriya guda. Don a ɗaga darajar aikin daga na bayi, masarautu suka riƙa ba 'ya'yan sarki shugabancinsa da sarautar Wakilin Doka, kamar yadda Usman Nagogo ya riƙe a Katsina da Ado Bayero a Kano kafin su hau gadon sarauta. Ƙarfin ɗan doka shi ne ɗan gari ne, ya san lungu, ya san wane yaro ne ɗan wane gida, ya san tsofaffin ɓarayi da inda suke kai kaya, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai unguwa. Rauninsa kuwa daga wannan tushe ɗaya ya fito, domin biyayyarsa ga sarki take, kuma da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, sai 'yan doka da kotunan alƙalai suka zama sandar dukan 'yan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a 1950. Hana izinin taro da kama mutum a kan zagin sarki ko tayar da hankali sun zama ruwan dare, kuma Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin Zariya, wadda aka ɗaure sau da yawa saboda siyasarta, ita ce shaidar da garin ya fi tunawa. Duk mai kewar zamanin 'yan doka yana da hujja, amma wajibi ne ya haɗa da wannan ɓangare a lissafinsa.

Wannan tabo, tare da zargin da aka yi wa hukumomin gargajiya na rashin kare baƙi a kashe-kashen 1966, waɗanda suka taɓa Sabon Garin Zariya a watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba, shi ya share hanyar soke tsarin. Kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a 1966 ƙarƙashin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a mayar da 'yan sanda da gidajen yari duka hannun tarayya, a 1968 kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, cikin 'yan shekaru kuma aka narkar da 'yan doka cikin rundunar ƙasa, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ragowar ikon zartarwa. Gyaran ya kuɓutar da talaka daga kamun gilla na siyasar gida, amma ya haifar da wani giɓi da ba a cike ba har yau, domin mai unguwa ya san mai laifi amma ba shi da ikon kama shi, ɗan sanda kuma yana da iko amma sau da yawa baƙo ne da aka turo daga wata jiha, wanda kafin ya san unguwa an yi masa canjin wurin aiki, kuma umarninsa daga hedikwata yake zuwa.

Sauyin ya zo daidai da lokacin da laifi ke sake kama. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar bindigogi a hannun mutane, fashi da makami ya yawaita har gwamnatin soja ta kafa dokar 1970 wadda ta tanadi harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kuma manyan hanyoyin da suka haɗu a Zariya, na Kaduna da Kano da Funtuwa da Jos, suka zama wuraren tare motocin dare. Garin kuma yana ta faɗaɗa saboda Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 da sauran manyan makarantu da barikokin soja, har Samaru da Palladan da Kwangila da Wusasa suka haɗe da shi, aka cika filayen noma da gidajen haya waɗanda mazaunansu ba su san juna ba. Tsuke bakin aljihu da aka shiga daga 1986 da durƙushewar reluwe da cinikin auduga sun bar samari da yawa ba sana'a, shaye-shaye ya shigo, sai unguwanni suka koma ga dabarar da suka iya, suka kafa 'yan sintiri, waɗanda wasu ke kira 'yan banga ko 'yan ƙato-da-gora: samari da maharba masu tocila da gora da usur, waɗanda kowane gida ke ba da wani abu a wata don a sallame su. A layuka da yawa an kafa ƙofar ƙarfe da ake rufewa da dare, kuma wanda ya dawo a makare sai ya faɗi gidan da za shi kafin a buɗe masa.

Akwai wani nau'in rashin tsaro da bai shiga lissafin sata da fashi ba, amma ya fi su sauya taswirar garin, wato tarzoma da hare-haren da ke da launin addini ko siyasa. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso Zariya aka ƙona majami'u da dama, tarzomar bayan zaɓen Afrilu 2011 ta sake taɓa garin, a ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam a majami'u a Wusasa da Sabon Gari, a watan Yuli na 2015 wani bam ya kashe fiye da mutum 20 a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, sannan a watan Disamba na wannan shekara aka yi arangama tsakanin soja da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky, wadda kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar ta ci rayuka fiye da 340. Bayan kowace fitina wasu iyalai sukan tashi su koma inda 'yan'uwansu suka fi yawa, kuma maƙwabtakar shekara da shekaru, wadda ita ce ainihin jarin tsaron unguwa, takan tafi tare da su.

Daga wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara, ta bi dazuzzukan Birnin Gwari ta shigo Giwa da Igabi, waɗanda ke maƙwabtaka da Zariya, kuma da shanu suka yi ƙaranci sai 'yan bindiga suka koma garkuwa da mutane don karɓar kuɗin fansa. Rahoton gwamnatin Jihar Kaduna ya nuna an kashe mutum 937 an sace 1,972 a jihar a 2020, a 2021 kuma adadin ya hau zuwa 1,192 da aka kashe da 3,348 da aka sace, mafi yawa a ƙananan hukumomin tsakiyar jihar. Zariya ba ta cikin wuraren da abin ya fi muni, amma ya taɓa gefunanta, kamar harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 inda aka kashe ɗalibi aka tafi da ɗalibai da malamai, kuma daga baya a wannan shekara gwamnati ta katse layukan waya a wasu yankuna ta rufe wasu kasuwannin mako. Haɗarin ya fi faɗa wa unguwannin bakin gari, inda gida na ƙarshe ke kallon daji, da manoman da dole su fita gona, da 'yan gudun hijirar ƙauyuka da suka cika gidajen dangi. Mahara ba sa sanin gidan da za su shiga sai an nuna musu, kuma Hausawa sun riga sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mai kai musu labari da mai sayar musu da fetur da burodi da mai karɓar shanun sata su ne ɓarayin zaune na wannan zamani, kuma su ne irin mutanen da ɗan sanda baƙo ba zai gane ba amma maƙwabci ya sani.

Alƙaluman laifi kansu suna buƙatar a karanta su da hankali, domin abin da ke cikin littafin caji ofis shi ne abin da aka kai ƙara kawai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2024 ya nuna cewa a faɗin Nijeriya kusan kashi 36 cikin 100 ne kaɗai na gidajen da aka yi wa fashi suka sanar da 'yan sanda, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne rashin tsammanin za a yi wani abu. Laifin da ya fi damun mazaunin gari kullum, kamar ƙwacen waya da satar babur da hauro katanga a kwashe kaji ko injin ruwa, yawanci yana ƙarewa ne a zauren mai unguwa ko ofishin 'yan sintiri, wani lokaci kuma, abin takaici, a hannun taron jama'a da ke dukan wanda ake zargi kafin a tabbatar da laifinsa, abin da ko tsohuwar shari'ar alƙali mai neman shaidu biyu ba za ta yarda da shi ba. Saboda haka raguwar ƙararraki a wata shekara tana iya zama alamar raguwar laifi, tana kuma iya zama alamar cewa mutane sun gaji da kai ƙara.

Manufofin gwamnatin jiha a shekarun nan sun ja ta fuska biyu. A 2016 an yi dokar kafa hukumar 'yan sintiri ta Jihar Kaduna domin a shigar da masu aikin sa-kai cikin tsari da horo, a 2023 kuma aka ɗauki ƙarin mutum 7,000, amma a 2017 an rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 saboda nauyin albashi, aka sauke dubban dagatai, wato an rage idanun da ke ƙasa a daidai lokacin da ake roƙon sarakuna su sa ido a kan baƙi da masu ba da hayar gidaje. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma, amma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, shi ne ginshiƙin muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, kuma a ƙarƙashinsa ɗan sintirin da ya kama ɓarawo a Tudun Jukun ko Gyallesu iyakarsa ya miƙa shi caji ofis. Masu goyon bayan 'yan sandan jiha suna kafa hujja da sanin gari irin na 'yan doka, masu adawa kuma suna kafa hujja da abin da 'yan doka suka yi wa 'yan NEPU, kuma ɓangarorin biyu daga tarihi ɗaya suke ɗebo hujjarsu, wanda wani yanki mai yawa nasa a titunan Zariya ya faru.